Abin da soja ke gani a yaƙi da abin da littafi ke faɗa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan tasowa duk lokacin da aka ɗauko zancen littattafan yaƙi, musamman daga masu fara karantawa da kuma masu ɗan'uwa a aikin soja. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma dole a ɗan ja su.

Wai mene ne ma adabin yaƙi, ba tarihi ba ne kawai aka canja wa suna?

A'a, akwai bambanci. Littafin tarihi zai ce maka ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu, idan aka haɗa da masu rauni da waɗanda suka ɓace lissafin ya haura 57,000. Wannan gaskiya ne, amma ba zai ce maka komai ba game da yaron da ke tsaye cikin rami da sassafe yana jiran a busa usur ya haye sama, ko abin da ke cikin aljihunsa, ko yadda bakinsa ya bushe. Adabin yaƙi nan yake shiga, ko ƙagaggen labari ne ko waƙa ko tarihin rayuwa ko wasiƙu. Tarihi yana kallo daga teburin janar inda taswira take, adabi kuma yawanci daga idon farabiti ko kofur yake kallo, wanda bai ga komai ba sai abin da ke gabansa taku ɗari.

Me sojoji suka fi ba da labari a kai idan sun rubuta?

Abin zai ba ka mamaki, ba harbi ba ne. Jira ne. Jira da gajiya da ƙafa da ciki da barci. Sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun cika shafuka da zancen taɓo da ƙwarƙwata da ɓeraye da ƙafar da ta ruɓe saboda kwana da kwanaki cikin ruwa, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a wannan yaƙin ba su taɓa ganin fuskar wanda ya kashe su ba domin igwa ce ake harbowa daga nesa. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ma wajen kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su, atini da taifot da makamantansu, ba harsashi ba.

Dubi yadda Erich Maria Remarque ya yi a All Quiet on the Western Front na 1929. Wani yaro mai suna Kemmerich yana kwance asibiti an yanke masa ƙafa, kowa ya san ba zai tashi ba, abokinsa Müller kuma idonsa na kan takalmin yaron mai kyau yana ta lissafin yadda zai samu kafin ma'aikatan asibiti su riga shi. Mai karatu zai fara cewa kai wannan wane irin mara imani ne, amma mai ba da labarin bai zarge shi ba, ya ce mamaci ba ya buƙatar takalmi mai rai ke buƙata. Daga baya shi ma Müller ya mutu takalmin ya koma hannun wani. Babu wani dogon jawabi a kan muguntar yaƙi a wurin, takalmin ne kawai yake ta canja ƙafa.

Tim O'Brien wanda ya yi yaƙin Biyetnam shi ma ya buɗe The Things They Carried na 1990 da jera kayan da kowane soja ke ɗauke da su har da nauyin kowanne, bindiga, albarusai, rediyo, maganin sauro, wasiƙun budurwa, safa. Daga kayan mutum kake gane tsoronsa.

To ina jarumta? Ko dai marubutan ne ke ɓoye ta don su ɓata aikin soja?

Ba su ɓoye ta ba, sai dai irin jarumtar da suke nunawa ba ita ce ta kirari ba. Kusan duk wanda ya yi yaƙi ya rubuta za ka ji yana cewa idan wuta ta yi wuta ba tuta ko jawabin shugaba ke riƙe mutum a wurin ba, mutum biyar ko goma ɗin da ke gefensa ne, ba ya so ya kunyata a gabansu kuma ba ya so ya bar su. Wilfred Owen da ya rubuta waƙoƙin da suka fi kowanne tsinewa yaƙi a Ingilishi ya koma fagen daga da ƙafarsa a 1918, har ya samu lambar yabo ta jarumta, aka kashe shi ranar 4 ga Nuwamba 1918 yana ɗan shekara 25, saura mako ɗaya cif a tsagaita wuta. Saƙon mutuwarsa ya iske mahaifiyarsa ranar da ake ta kaɗa ƙararrawar murnar ƙarewar yaƙin. Irin wannan mutum ba za a ce matsoraci ba ne ko maƙiyin soja.

Kuma wannan saɓanin tsoho ne. A cikin Mu'allaƙat, shahararrun waƙoƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, akwai ta Antara ɗan Shaddad cike da kirarin takobi da doki, akwai kuma ta Zuhairu ɗan Abi Sulma da ke yabon mutum biyun da suka ɗauki nauyin diyya don a kashe wutar yaƙin Abs da Zubyan, yana siffanta yaƙi a matsayin abin da ba ya haifar da komai sai tsiya. Yaƙi ɗaya ne fa, ƙabilar Antara ce ma a ciki. A Hausa ma Gandoki na Bello Kagara da ya fito a 1934 salon kirari ne tsantsa, jarumi ɗaya yana karkashe maza, yana da daɗin karantawa sosai amma ba wanda zai ɗauke shi a matsayin rahoton abin da dakaru suka ji a jikinsu ranar da suka tunkari bindiga mai ruwa.

Duk littattafan yaƙi adawa suke da yaƙi kenan?

Ko kaɗan. Ernst Jünger Bajamushe ne kamar Remarque, yaƙi ɗaya suka yi, shi ya ma fi daɗewa nesa ba kusa ba, ya ji rauni sau da yawa ya samu lambar yabo mafi girma ta Prussia. Littafinsa Storm of Steel na 1920 bai ɓoye gawa ko jini ba amma babu nadama a ciki, yana ba da labarin gumurzu kamar wanda ya samu abin da ya zo duniya nema. Mutumin ya rayu har 1998, shekara 102. Mutane da yawa ba sa son a ambace shi don yana ɓata musu lissafi, alhali gaskiyar ita ce akwai sojojin da suka ji daɗin yaƙi, ko suka ji daɗin wani ɓangarensa, kuma wasu tsofaffin sojoji suna faɗa a fili cewa suna kewar wannan lokacin duk da sun tsane shi. Littafin da ya share wannan gaba ɗaya shi ma bai cika gaskiya ba.

Dole sai marubuci ya taɓa riƙe bindiga kafin a yarda da shi?

Wannan gardamar ba ta ƙarewa. Tolstoy hafsan igwa ne a Sevastopol a 1854 da 1855, daga nan ya samo idon da ya rubuta War and Peace duk da cewa yaƙin Napoleon da littafin ke magana a kai an yi shi tun kafin a haife shi. Stephen Crane kuwa an haife shi a 1871, shekara shida bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare, bai taɓa ganin fagen fama ba lokacin da ya fitar da The Red Badge of Courage a 1895, amma tsofaffin sojoji da dama suka ɗauka ɗan'uwansu ne ya rubuta. Chimamanda Adichie da ta rubuta ƙagaggen labari a kan yaƙin Biyafara an haife ta a 1977, yaƙin kuwa ya ƙare a Janairun 1970. Shi kansa Remarque 'yan makonni kawai ya yi a bakin daga kafin ɓaraguzan bam su same shi a ƙarshen Yulin 1917, sauran lokacin a asibiti ya yi shi yana sauraron labaran masu rauni.

A ɗaya gefen akwai Jean Norton Cru, wani Bafaranshe da ya yi yaƙin farko, wanda a 1929 ya fitar da wani tafkeken littafi mai suna Témoins inda ya bi littattafan tsofaffin sojoji wajen 300 ɗaya bayan ɗaya yana duba wane ne ya kasance a ina kuma yaushe, ya kama manyan sunaye da ƙarin gishiri, har Henri Barbusse wanda littafinsa Le Feu ya ci babbar kyautar Goncourt a 1916 bai tsira ba. Abin da ya nuna shi ne wanda ya je yaƙin ma yana iya rubuta abin da ya karanta a wasu littattafai maimakon abin da idonsa ya gani, misali tsibin gawarwaki da kogin jini da sukar banati da ba kasafai ake yi ba. Ni a ganina zuwa yaƙi yana ba mutum kayan aiki ne kawai, iya saƙa su wani abu ne daban, kuma wanda bai je ba idan ya iya sauraro yana iya kamo abin.

Za a iya yarda da labarin da soja ya bayar na rayuwarsa?

A yarda amma da ido buɗe. Ƙwaƙwalwar mutumin da ke cikin tsananin tsoro ba kyamara ba ce, kwanaki suna cakuɗewa, abin da ya faru da aboki yakan koma kamar da shi ya faru. Littafin Ishmael Beah na 2007 a kan zamansa na yaron soja a Saliyo ya sha suka a 2008 lokacin da wata jaridar Ostareliya ta yi jayayya da shekarun da ya bayar, shi kuma ya tsaya a kan bakansa. Na manyan hafsoshi kuma wata matsalar ce daban, su ba mantuwa ke damunsu ba, kowa so yake tarihi ya ce shi ne ya ci yaƙin. My Command na Obasanjo a kan yaƙin Biyafara ya fito a 1980, bayan shekara 33 Birgediya Godwin Alabi-Isama da suka yi aiki a runduna ɗaya ya fitar da The Tragedy of Victory yana ƙaryata abubuwa da yawa a ciki. Idan ka karanta ɗaya ka bar ɗaya to rabin zance ka ji.

Me ya sa tsofaffin sojoji da yawa ba sa son magana a kan abin da suka gani?

Nan ne littattafan suka fi amfani ga iyali, don suna faɗin abin da mutumin da ke zaune a gida ya kasa faɗa. Akwai wurin da Paul, jarumin littafin Remarque, ya samu hutu ya koma gida, mahaifinsa yana so ya riƙa yawo da kaki don a gani, yana ta tambayarsa labarin gumurzu, wasu dattawan gari kuma suka zaunar da shi suna koya masa yadda ya kamata a fasa layin abokan gaba a shiga Faris, har suna ce masa shi ɗan gefensa kawai ya sani su ne ke ganin hoton gaba ɗaya. Yaron ya rasa abin cewa, ya shiga ɗakinsa ya kalli littattafan da yake so a da ya ji ba su da wata alaƙa da shi. Ya gwammace ya koma wurin abokansa.

Dalilan shirun suna da yawa. Wani ya san ba za a gane ba, wani yana tsoron kallon da za a riƙa yi masa idan ya faɗi abin da hannunsa ya aikata, wani kuma laifin tsira ke cinsa, me ya sa ni na dawo wane bai dawo ba. Bao Ninh na Biyetnam ta Arewa ya shiga soja yana ɗan shekara 17, birget ɗinsu mutum 500 suka tafi 10 suka dawo, littafinsa The Sorrow of War ya fara ne da soja cikin ayarin masu tattara ƙasusuwan 'yan'uwansu a daji bayan yaƙi, kuma ka lura ɓangaren da ya ci nasara ne fa wannan. Kurt Vonnegut yana fursunan yaƙi a Dresden lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a Fabrairun 1945, ya tsira a ɗakin ajiyar nama na ƙarƙashin ƙasa, aka fito da su suka riƙa tono gawarwaki, sai 1969 ya iya fitar da Slaughterhouse-Five, shekara 24 yana kokawa da labarin.

Likitanci ma ya daɗe bai kamo ba. A yaƙin farko masu karkarwa da firgita da ɗaukewar magana ana yawan ɗaukarsu matsorata ko masu ƙaryar ciwo, Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga da tsoro, sai 2006 aka yi musu afuwa. Ciwon da yanzu ake kira PTSD, wato firgici da damuwar da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, sai 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundinsu, bayan matsin tsofaffin sojojin Biyetnam. Wani likita Jonathan Shay da ya yi aiki da su ya fitar da littafi a 1994 yana nuna cewa abin da suke faɗa masa yana nan cikin Iliad, doguwar waƙar yaƙi ta Homer mawaƙin Girka, tun kusan shekara dubu uku, shugaba ya ci amanarka, amininka ya mutu, sai ka haukace da ramuwa.

Yaya ake nuna abokin gaba?

A littattafan farfaganda ba shi da fuska. A na ƙwarai kuwa kusan kullum akwai lokacin da fuskar ke bayyana. Paul ya soki wani sojan Faransa da ya faɗo ramin da yake ɓoye, ruwan wuta ya hana shi fita, ya zauna awanni yana jin kakarin mutumin, ya ba shi ruwa ya ɗaure masa rauni, da ya cika ya buɗe walat ɗinsa ya ga hoton mata da 'yar yarinya da sunansa da sana'arsa, ma'aikacin ɗab'i ne. Ya yi ta yi wa gawar alkawura. Abin da ya sa na yarda da wurin shi ne washegari da ya koma cikin 'yan'uwansa alkawuran suka fara dushewa, suka ce masa ai abin da aka kawo ka yi kenan, shi ma ya karɓa.

Sojojin Afirka fa, ina labarinsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, domin yawancin abin da duniya ke kira labarin soja labarin wanda ya yi makaranta ne, ya iya rubutu, ya samu mai buga masa. Owen da abokinsa mawaƙi Siegfried Sassoon da Jünger da Tolstoy duk hafsoshi ne. Dubun dubatar 'yan Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, Faransa ma ta kwashi ɗimbin sojoji daga ƙasashen da ta mallaka a yaƙin duniya duka biyun, amma waɗanda suka bar labarinsu a rubuce ba su taka kara sun karya ba. Yawanci a baki labarin ya tsaya, ya tafi da masu shi.

Cikin 'yan kaɗan ɗin akwai Isaac Fadoyebo da ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka harbe shi a kwarin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi ya ɓoye shi da wani abokinsa ɗan Saliyo wata tara. Biyi Bandele wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama ya rubuta Burma Boy a 2007, jaruminsa Ali Banana yaro ne da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi. David Diop ya ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2021 da labarin sojan Senegal a ramukan Faransa. Sai Sozaboy na Ken Saro-Wiwa na 1985, yaron mota mai suna Mene da ya shiga soja saboda kaki ya burge shi kuma yana son burge matarsa, ya tsinci kansa yana yi wa ɓangare biyu aiki bai san dalilin faɗan ba, da ya dawo garinsu aka ɗauke shi fatalwa. An rubuta shi da gurɓataccen Turanci da gangan, don muryar irin wannan yaron ce ba a saba ji ba.

Mata fa?

Svetlana Alexievich wadda ta ci Nobel a 2015 ta zagaya da rikoda ta tattara muryoyin ɗaruruwan matan Tarayyar Sobiyet da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, masu harbin ɗauki ɗai-ɗai, matuƙa jirgi, nas-nas, masu tuƙa tanka. Sun ba da labarin takalman maza da suka yi musu yawa, da ranar da aka datse musu gashi, da yadda bayan yaƙi wasunsu suka ɓoye lambobin yabonsu saboda zagin da ake musu cewa ba yaƙi ya kai su ba. Littafin ya fito a 1985 bayan masu tace rubutu sun yanke wurare.

Me ya sa gwamnatoci ke tsoron irin waɗannan littattafai?

Saboda ana buƙatar sabbin kurata gobe. A Disambar 1930 mutanen Goebbels, jagoran farfagandar 'yan Nazi, sun saki ɓeraye da bam mai wari a sinimar Berlin don a fasa nuna fim ɗin littafin Remarque, a 1933 aka ƙona littafin, a 1938 aka ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa, a 1943 aka fille kan ƙanwarsa Elfriede bisa zargin karya gwiwar jama'a. Vasily Grossman da ya yi aikin jarida a Stalingrad, a 1961 jami'an KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, suka kwashe rubutun Life and Fate daga gidansa, ya mutu a 1964, littafin sai 1980 ya fito a ƙasar waje. Siegfried Sassoon da ya rubuta takardar ƙin ci gaba da yaƙi a 1917 ba a kai shi kotun soja ba, an ga ya fi sauƙi a ce ba shi da lafiya a tura shi asibitin Craiglockhart a Edinburgh, a can ne ma ya haɗu da Owen ya riƙa duba masa waƙoƙi.

Me ya kawo ban dariya cikin littafin yaƙi?

Sojoji da kansu suna da baƙar raha, da ita suke rage zafi. Joseph Heller ya yi shawagin jefa bam sau 60 a yaƙin duniya na biyu, a Catch-22 na 1961 ya ƙirƙiro dokar da ta ce mahaukaci ne kawai za a sauke daga tashi, amma duk wanda ya nemi a sauke shi ya nuna yana da hankali kenan don haka sai ya tashi, kwamandan kuma kullum ƙara yawan shawagin yake don a ƙara masa girma. Kana dariya har ka iso wurin da yaro ke mutuwa a bayan jirgi yana cewa sanyi yake ji.

Da wanne ya kamata in fara?

Da na Remarque, gajere ne, harshensa mai sauƙi, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama. Kana gamawa ka ɗauki na Jünger don kada ka ɗauka murya ɗaya ce. Idan kana son na kusa da zamaninmu akwai Redeployment na Phil Klay na 2014 a kan yaƙin Iraƙi, amma ka haɗa shi da gajerun labaran Hassan Blasim ɗan Iraƙi, tunda littattafan sojojin Amurka sukan bar mutanen ƙasar a matsayin inuwa a gefen titi. Wanda kuma shi kansa ya dawo daga fagen daga kuma har yanzu barci na yi masa wuya, gara ya bi a hankali, wasu wuraren suna iya tayar da abin da ya kwanta, ya karanta da rana kuma ya kasance akwai wanda zai iya yi wa magana a kusa.